Wanda Za a Kira

Litinin, 3 ga Maris

Ga rubutun nan yana hawa yana sauka.

Da safe na ɗauko kayan aikin yaran nan zan jiƙa, ina lalube aljihu kamar kullum. A rigar Dogo na ci karo da takarda a ninke huɗu. Da can ne sai in ɗora a kan firij in ci gaba da wankina. Shekara talatin takardu suna wucewa ta hannuna a gidan nan ban san me ke cikinsu ba. To yanzu shekara biyu ina zuwa ajin manya, ido ya buɗe, ba ya iya ganin baƙi ya ƙyale. Na kife bokiti na zauna na haɗa baƙaƙen.

A sama an rubuta: Izinin shiga tanki. Ƙasa da shi: Mai tsaron baki, sai sunan Dogo. Mai shiga, sai sunan Auta.

Na ɗauka layi na tsallake. Na sa yatsa na bi sau uku. Haka yake.

Su biyu Allah ya bar mini, Dogo na fari, Auta ta ƙarshe. Kamfani ɗaya suke aiki, masu duba lafiyar tankunan man da ake binnewa a ƙarƙashin gidajen mai. Shekara huɗu ni a zatona Auta tana zaune a mota da kwamfuta, Dogo shi ne mai aikin ƙarfi. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Ni na ɗauka, su kuma suka bar ni a kai.

Ashe 'yata ce take shiga cikin ƙasa.

Wankin yana nan a jiƙe.

Talata, 4 ga Maris

Jiya da suka dawo na ajiye takardar a gabansu a kan tebur. Dogo ya kalli Auta, Auta ta kalli takarda. Sai Dogo ya ce, "Wa ya karanta miki, Mama?"

Wannan ta fi ci mini rai. Shi da ya sayo mini jakar makaranta da kansa.

Auta ta yi ta bayani a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Wai tankunan yanzu ba na ƙarfe ba ne, na faiba ne, zaren gilashi da wani danƙo ake haɗawa. Ba sa tsatsa, amma ƙasa tana danne su, sai su lotsa, ko bango ya yi ƙurji, ko ya tsage mai ya riƙa zurarewa ba wanda ya sani. Wai akwai abin da kyamara ba ta gani, dole mutum ya shiga. Kafin a shiga sai an kwashe mai, an wanke, an hura iska, an auna. Ita ce ta yi karatun, ita ke da takardar shaida, shi ya sa.

Na ce ita mace ce. Ta ce tankin bai sani ba. Dogo ya yi dariya, da na kalle shi ya haɗiye.

Sai yanzu na gane ƙaiƙayin hannun nan nata. Sabulu uku na canza mata, har kifi na hana ta ci. Ashe ƙurar gilashin ce. Ta zauna tana kallona ina canza sabulu.

Laraba, 5 ga Maris

Ban je aji ba. Na karanta bayan takardar, dokoki goma sha biyu da ƙananan baƙaƙe. Tun hantsi har azahar nake kansu.

Ta bakwai ta ce: Mai tsaron baki ba zai shiga tanki ba, ko da wanda ke ciki ya faɗi.

Innalillahi. Wane marar uwa ne ya zauna ya rubuta wannan?

Na tare Dogo a kicin kafin ya cire takalmi. Na ce to na ji, ƙanwarsa ce a ciki, amma ya rantse mini idan ta faɗi zai shiga ya ɗauko ta, doka ko ba doka. Ya tsaya yana murɗa makullin mota. Ya ce akwai igiya, akwai abin ja. Na ce ba igiya na haifa mata ba, wa na haifa mata.

"Mama, ba zan yi miki rantsuwar da ba zan cika ba."

Yaron da tana ƙarama ko ɗan maƙwabta ya harare ta sai ya dawo gida da riga a yage.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba na iya wuce gidan mai yanzu sai na kalli ƙasa.

Talata, 11 ga Maris

Na bi su. Na ce ko su tafi da ni ko in hau mota in nemo su, na iya karanta allo yanzu. Injiniya, shugabansu, ya yarda in zauna nesa, bayan igiyar da suka kewaye wurin da ita. Ya ba ni kujera da wata hula mai tauri. Hular ta ƙi zama a kan ɗankwali.

An rufe gidan man tun jiya. Bakin tankin ƙaramin rami ne, murfin babbar tukunyata zai kusa rufe shi. A kansa sun kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku da abin naɗe igiya. Ga wata fanka tana tura iska ta ƙaton tiyo. Dogo ya zura wata na'ura kamar waya, ya jira, ya rubuta, ya sake zurawa. Auta ta sa farin kaya, aka ɗaure ta da ɗamara ta kafaɗa da cinya, aka maƙala igiya a bayanta. Ta ɗago mini hannu. Ƙafa ta shige, ƙugu ya shige, kai ya shige.

Na kama kujera. Ban san ina karanta addu'a da ƙarfi ba sai da Injiniya ya waiwayo.

Daga nan sai ƙwanƙwasa. Ƙaramar guduma take bi da ita a bango, taki ɗaya, bugu ɗaya. Ana ji daga waje, kas, kas, kas. Dogo yana durƙushe a bakin, bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Jim kaɗan sai ya kira ta, ta amsa. Tana faɗin lambobi yana rubutawa, wai faɗin tankin take aunawa da sanda ta ga ko ya lotsa. Manajan gidan man ya zo yana masa magana, ko kallonsa bai yi ba. Na ce a raina rashin ladabi. Injiniya ya ce mini mai tsaro ba ya da kunne sai na wanda ke ciki.

Can sai ƙarar ta canza. Ni ma na ji. Ta koma buf, buf, kamar an buga katifa. Ta maimaita wurin sau da yawa.

Da ta fito zufa ta jiƙa ta har gira. Ta ce ƙasan tankin ya turo sama, bangon ya rabu biyu a wuri ɗaya, ga siririyar tsaga tsawon kamu. Ba za a sake zuba masa mai ba sai an gyara. Manaja da farko yarinya yake ce mata, wai yarinya ta sake dubawa, tankin nan shekara ashirin bai taɓa yi masa komai ba. Ta ce ga ɗamara nan idan yana so ya duba da kansa. Ya leƙa ramin ya ja baya. Kafin mu tafi ya koma ce mata ranki ya daɗe.

Minti arba'in da bakwai ta yi a ciki. Na ƙirga.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gaya wa Auta. Ƙarshen watan nan ta ajiye aikin, ko su mayar da ita ofis. Ban taɓa ce mata ban yarda ba a kan komai, ko lokacin da ta ce ƙarin karatu za ta yi aure ya jira. Wannan kam na ce.

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Na ji, Mama." Ta ɗauki kwanuka ta fita. Da ta yi musu da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 16 ga Maris

Ƙanena ya zo, kawunsu. Tun rasuwar babansu shi ne mai tsawata musu. Na zayyana masa komai ina jira ya zabura. Bai zabura ba. Ya yi ta juya cokali a shayi yana cewa gaskiyarki Yaya, gaskiyarki. Sukari ya narke tuni yana ta juyawa.

Ko tsufa ne ya fara kama shi.

Laraba, 19 ga Maris

Da la'asar Dogo ya dawo shi kaɗai, tafin hannunsa biyu a naɗe da bandeji. Ya ce ƙarfe ne ya yanke shi. Auta kuma wai ta tsaya gidan ƙawarta da ta haihu, za ta kwana biyu. Ya faɗa tiryan-tiryan kamar hadda.

Wannan karon ya tuna ya kwashe takardun aljihunsa. Ya manta da ƙaramar takardar da aka manna masa a ƙirji. Mai ziyara, ɗaki na huɗu, da tambarin asibiti.

Na ɗauki mayafi. Takalmi ma wari da wari na sa, sai a mota na gani.

Alhamis, 20 ga Maris

Tana da rai. Bari in fara rubuta wannan. Tana da rai, tana magana, ta san ni.

Na same ta da abin numfashi a hanci, leɓe ya bushe, gefen goshi ya kumbura. Kawunsu yana zaune a gefen gado da lemo a leda. Da ya gan ni ya miƙe kamar ɓarawo.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na tattara daga bakinsu. Wani gidan man ne daban. An wanke, an auna iska, komai lafiya. Ta shiga tana ƙwanƙwasa, ta kai can ƙarshe, ta taɓa wani ƙurji a bango. Ashe mai ne ya taru a bayansa, tsakanin bango da bango. Ya fashe ya zubo. Na'urar da ke ƙirjinta ta hau kuka. Ta juyo za ta fito, taki biyu ta yi ta faɗi.

Dogo ya hau naɗe igiya. Ya jawo ta har ƙarƙashin baki, sai abin naɗewar ya cije. Ya kama igiyar da hannu, ta wayar ƙarfe ce, shi da Injiniya suka ƙarasa jawo ta. Wani mai sayar da mai ya rugo zai dira ciki ya taimaka, Dogo ya tokare shi da ƙafa har ya faɗi.

A baranda na tambaye shi abu ɗaya. Na ce ya shiga? Ya ce a'a.

Na faɗi abin da na faɗa. Zan rubuta don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya. Na ce ƙanwarsa tana mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsa ya tsaya yana wasa da igiya. Na ce da babansu ne da bai tsaya karanta doka ba. A gaban mutane na faɗa. Ya kalli bango.

Sai na juya kan kawunsu, na ce shi kuma ta yaya ya riga ni zuwa? Ya ce shi aka kira. Don me shi? Don sunansa ne a takarda.

Da na dawo gida na ɗauko takardar farko. Ga shi can ƙasa, inda ban kai ba rannan. Wanda za a kira idan wani abu ya faru. Sunan ƙanena, lambarsa. Shekara huɗu. Ina zaune ina ba shi labari yana juya shayi.

Ni da na yi naƙudarta kwana biyu, da ta mutu jiya sai na zama ta uku da za ta ji. Ko ta huɗu.

Asabar, 22 ga Maris

An sallamo ta. Likita ya ce ƙirji ya washe, ta huta mako biyu.

Ina shafa mata man zafi a kafaɗa inda ɗamara ta ci ta, sai ta ce ta ji abin da na gaya wa yayanta, ƙofa a buɗe take. Na ce gaskiya na faɗa.

Ta ce, "Mama, da ya shigo, wa zai ja mu?"

Na ce Injiniya. Ta ce mutum ɗaya ba ya jan biyu, kuma igiya ɗaya ce, a bayanta take. Iskar da ta kayar da ita a taki biyu ba za ta bar shi don ya fi ta tsawo ba. Wai a aikinsu yawancin waɗanda suke mutuwa a rami ba masu shiga ba ne, masu bin su ne. Ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi, na uku ya bi.

Na ce ta yi shiru ta huta, magana ba ta da kyau ga ƙirji.

Lahadi, 23 ga Maris

Kawunsu ya kira sau biyar. Ban ɗauka ba.

Laraba, 26 ga Maris

Dogo ba ya iya riƙe cokali sosai. Kwana shida yana cin abinci a ɗakinsa don kada in gani. Yau da safe na ji yana fama da bandeji da haƙori a banɗaki. Na ce ya fito ya zauna.

Na kwance bandejin. Wayar ta yanka tafin biyu, layi layi, wani wurin har an ɗinke. Na wanke, na sa magani. Ina naɗe na biyun sai ya ce, kansa a ƙasa:

"Ƙafata ɗaya ta shiga, Mama. Har na taka matakala. Ban gaya wa Injiniya ba."

Na ce sai me?

Ya ce yana hango ƙafafunta a hasken tocila, ba sa motsi. Maganata yake ji a kunnensa, ta ranar nan a kicin. Ya ce fitar da ƙafar nan ya fi masa jan igiyar wuya.

Maganata. Ni ce na kusa tura shi.

Na ce bandejin bai yi masa tsauri ba? Ya ce a'a. Na ce ya jira in kawo masa abinci nan. Na yanka masa komai ƙanana kamar lokacin da yake shekara uku, ya ci, bai yi gardama ba.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na daɗe.

Juma'a, 28 ga Maris

Na koma aji. Malama ta ce mu rubuta jimla da kalmar tsaro. Na zauna har aka tashi ban rubuta ba.

Litinin, 31 ga Maris

Yau wata ya ƙare. Ba wanda ya tada maganar. Auta ta share tsakar gida, ta wanke firij, ta sake wanke shi. Tana kallona ta gefen ido, ni ma haka.

Injiniya ya zo gaishe ta da rana. Ya ce akwai kujera a ofis idan tana so, ba wanda zai ga laifinta. Ta yi godiya kawai. Sai ya juyo wurina ya ce ni ce mai yanke hukunci, sun sani. Ya ce kafin ta faɗi ta riga ta faɗa wa Dogo inda tsagar tankin take, kuma sun tona sun samu, mai ya fara jiƙa ƙasa, rijiyar wata makaranta tana bayan katanga. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce haka ne, ya sha ruwa ya tafi.

Ni 'yata nake so. Rijiyar wasu ba ni na haƙa ba.

Amma dai makaranta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na ɗauki wayar kawunsu. Ya ce su suka roƙe shi, don hawan jinina. Na ce hawan jinin nawa ne ko nasa? Ya ce nawa. Na ce to. Ya tambaya ko ya zo, na ce ya zo amma kada ya kawo lemo.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Likita ya ce Auta ta warke. Da yamma ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce gobe akwai tanki. Idan na ce kada ta je ba za ta je ba, kuma ba za ta riƙe ni a zuciya ba. Amma ba za ta ƙara yi mini ƙarya ba, tana son aikin.

Na ce wa zai tsaya a baki, hannun Dogo bai gama warkewa ba? Ta ce wani abokin aikinsu. Na ce na san shi? Ta ce a'a. Na ce yana da haƙuri ko mai rawar kai ne? Ta ɗago ta kalle ni. Na ce tambaya kawai na yi.

Na ce zan yi tunani.

Litinin, 7 ga Afrilu

Da safe na fito na tarar da takardar yau a kan tebur, a buɗe, an danne ta da kofi. Ba a aljihu ba. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Na karanta daga sama har ƙasa, ban bar layi ba. Sun jira. Mai shiga, ita. Mai tsaron baki, wancan mutumin, kuma Dogo ya ce zai je ya tsaya a bayansa ko da hannu a naɗe. Can ƙasa har yanzu sunan kawunsu.

Na ce a ba ni biro. Na soke shi da layi biyu. Na rubuta nawa, da lambata. Rubutuna manya ne, ya fita daga akwatin ya hau kan tambarin kamfani. Dogo ya ce Injiniya zai ce an ɓata takarda. Na ce ya zo ya gaya mini da bakinsa.

Ban ce na yarda ba. Ba wanda ya ji na ce haka. Gyara kawai na yi, abin da ba daidai ba ne a takarda.

A bakin mota na ja hannun rigar Dogo. Na ce ya gaya wa mutumin nan ya tsaya a inda aka ajiye shi, ko me ya gani. Shi Dogon ma haka. Ya ce to, Mama.

Sun ce ƙarfe goma za ta shiga. Na sa wayar a caji tun asuba, na ƙure mata ƙara, tana nan a kan cinyata. Goma saura kwata yanzu. Shinkafa tana kan wuta, na auna har da rabon Auta.